Kwamfutar da ke Ƙarƙashin Katifar Inna

Duk wanda ya shigo shagona ya ajiye kwamfuta ya ce, "Malam Sani, ba wani abu ba ne, makunni ne kawai," nakan bar abin da ke hannuna in dube shi da kyau. Ku ma samarin da kuke zuwa kuna zama a bencin nan haka kuke gani. Kun kalli bidiyo a waya, kun ga wani ya kwance noti ya mayar, shi ke nan kun zama injiniyoyi. To, kallon kitse kuke wa rogo. Makunni yana cikin mafi ƙanƙantar abubuwan da ke jikin kwamfuta, amma ni a sana'ar nan ban taɓa jin tsoro irin wanda gyaran makunni ya jefa ni ba. Saura kaɗan a rasa ran wata tsohuwa a bayan Gwaram, tana kwance a gadonta, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Zan zo kan wannan, amma sai kun fara sanin abin da ake dubawa.

Da rediyo na fara, a Kano, wurin wani dattijo da ake ce wa Malam Sule. Na daɗe a hannunsa ban taɓa ƙarfen liƙi ba. Aikina shara da riƙe tocila da tsince notin da ya faɗi ƙasa. Idan aka kawo masa rediyo ba ya saurin kwancewa. Sai ya kai ta hanci ya shinshina, ya kara ta a kunne ya girgiza, sannan ya tambayi mai ita inda take kwana. A lokacin dariya abin yake ba ni, na ɗauka tsufa ne. Daga baya na gane cewa rediyon da ke kwana a madafa da wadda ke kwana a jikin taga ba ciwo ɗaya suke yi ba. Daga rediyo na koma talabijin, daga nan bidiyo, har kwamfuta ta zo ta same mu, na dawo gida Birnin Kudu na kama wannan shago. Kayan aikina ba su da wani yawa: sukudirebobi manya da ƙanana, mita, ƙarfen liƙi da dalma, hantsaki, tsohon burushin haƙori, kwalbar sifirit, da murafun kwalba da nake zuba noti a ciki don kada na gaba ya cuɗe da na baya. Wanda bai iya ajiye noti ba kada ma ya ce zai yi gyara.

Idan aka kawo kwamfuta ta ƙi tashi, ba makunnin nake fara zargi ba. Caja nake fara aunawa, don sau da yawa ɓera ne ya ci waya, ko injin mai caji ya ƙona ta. Sai in duba ramin da ake jona cajar, ko ya yi lako-lako. In batirin na waje ne in cire shi, in danne makunnin in ɗan jima, in jona wuta in gwada. Sai duk wannan ya ƙi sannan in buɗe. Abin da kuke dannawa da yatsa roba ce kawai. Makunnin gaskiya yana ƙarƙashinta, bai fi ƙwayar wake ba, da wata siririyar waya mai faɗi kamar zaren kaset da ke kai saƙonsa zuwa fanel, wato koren allon nan da komai ke zaune a kansa. Sai in sa bakin hantsaki in haɗa ƙafafun makunnin. In ta tashi, to laifinsa ne, a wanke shi ko a sake wani. In ba ta tashi ba, ciwon yana ciki.

Wata ɗaliba daga Unguwar Ya ta taɓa kawo tata tana hawaye, ta rantse babu abin da ya taɓa ta. Ina buɗewa na tarar da kunun gyaɗa ya bushe a kan makunnin, har tururuwa sun yi gida. Burushi da sifirit suka gama aikin. Wani kuma daga Surko, da nasa makunnin ya shige ciki, basillar ɗinkin buhu ya samu yana zurawa yana tsokana, har ya huda fanel. Wannan kam sai addu'a na yi masa. Ruwa ba ya tsami banza, makunni ma ba ya mutuwa haka kawai. Aikin mai gyara shi ne ya gano abin da ya kashe shi.

Akwai shekarar da ba na son tunawa. A lokacin maƙwabcin shagona mai cajin waya ne, yana da wayoyi jere a kan katako, inji na ta ruri a bayan shago. Wata rana da tsakar rana wani batir ya kumbura ya fashe. Mun ji ƙara kamar an buɗe iskar taya, sai farin hayaƙi, sai wuta. Muka watsa ruwa ta lafa, muna juya baya ta sake tashi, ta kama na kusa da ita, shi ma ya kama na gaba. Kafin a shawo kanta ta cinye shagonsa da rabin nawa. Kayan aikina da kayan mutane suka tafi, ni kuma na fito da wannan tabon da kuke gani a hannuna. Sai da na koma gyara a kan tebur a gindin bishiya har damina ta kore ni. Tun daga ranar ba na wasa da batirin da ya kumbura. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, to ni ne wannan.

Malam Garba mai hoto ya zo min da hantsi, a tsakiyar bazara, irin zafin da tun safe riga take manne wa mutum a baya. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Gwaram, magidanci mai fara'a da yawan ba'a. Ranar kasuwa yakan kafa farin ƙyalle ya ɗauki hoton fasfo, ya gyara a kwamfuta ya buga wa mutum nan take. Da ita yake ci da gidansa. Ya kwance ta daga cikin wani tsohon zani ya ajiye min.

"Malam Sani, makunni ne kawai. Sai na danna na danna kafin ta kula ni. Yau kuma ta yi kunnen uwar shegu gaba ɗaya. Gobe kasuwa, ka taimaka."

Tun kafin in taɓa ta na ga ba ta zauna daidai a kan tebur ba, tana ɗan rawa. Na rufe murfinta, bai haɗu ba. Na kai ta hanci na ji ƙanshin man zafi da turaren wuta, sannan can ƙasa wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na jan farce. A ramukan da take shan iska kuwa duk ɓurɓushin soso ne. Ina kwance notin baya murfin ya tashi da kansa. Batirin irin na ciki ne, shimfiɗaɗɗe, ya kumbura ya yi tim kamar burodi. Shi ne ya banƙare jikin kwamfutar, robar sama ta ɗaga, ta daina kai wa ga makunnin. Na haɗa ƙafafunsa da hantsaki, fanka ta juya. Makunnin lafiyarsa ƙalau.

Na ce, "Malam Garba, batirinka ya mutu, kuma irin mutuwar da take tafiya da mutane ce. Bari in cire shi in binne a yashi. Ka yi aikin gobe da caja, in na shiga Kano in samo maka wani."

Ya ce, "Ina! Solata ba ta da ƙarfi. Da na kunna injin buga hoto wuta take ɗaukewa. In babu batir, ina cikin gyara fuskar mutum komai zai tafi. Ka dai danna min shi ya koma."

"Ba a danna wannan."

Sai ya yi dariya. "Ai kuwa ana dannawa, ni na san maganinta. Ka san yadda ake sa kaya a ƙarƙashin katifa su kwana su yi kamar an goge? To haka nake mata. A ɗakin Inna, mahaifiyata, nake ajiye duk wani abu mai daraja, don ba yaron da ke shiga balle ɓarawo. In na tura ta ƙarƙashin katifar Inna, kafin safe ta kwanta lif, makunni ya kama. Da rana ma a can nake jona mata caji, na ja waya ta taga. Kwanan nan ne dai take min gardama."

Na ajiye hantsakin. Na tambaye shi ko Inna tana tashi daga gadon.

"Ina fa. Ƙafa ta ƙi, ƙugu ya ƙi. Sai an kama ta ake fito da ita."

Na yi masa bayani iya iyawata. Na ce batirin da ya kumbura ba ya son abu uku, zafi da caji da danniya, shi kuma ya haɗa masa duka, ya ɗora soso a kai, ya ɗora mahaifiyarsa a kan soson. Na nuna masa hannuna. Ya saurare ni cikin ladabi, irin sauraron da ake wa mai tallan magani. Ya ce wata da watanni yana yi bai ga komai ba, kuma wai mu masu gyara ba mu taɓa duba abu mun ce lafiyarsa ƙalau ba. Na ce ni dai ba zan ɗaure noti a kan wannan batir ba. Sai ya kwashe notin ya zuba a aljihu, ya naɗe kwamfutar a zaninta, ya ce katifa za ta ɗaure. Kayan mutum kayansa ne, ba ni da ikon ƙwacewa. Ina tsaye a ƙofar shago ya tada babur ɗinsa ya tafi.

Na koma kan aikin da nake yi, amma hankalina ba ya kansa. Na yi sallar Azahar ban san abin da na karanta ba. Lissafi kawai nake: yanzu ya wuce wuri kaza, yanzu ya isa gida, yanzu ya tura ta, rana na tsaka, sola na ba da wuta iya ƙarfinta. Ga shi murfin baya a kwance, ba abin da ya raba batirin da katakon gado sai 'yar roba. Na kira wayarsa, ba ta shiga. Na sake kira, haka. Sai na ja ƙofar shago na kulle na nufi tasha.

Motar Gwaram na tsaye tana jiran cika, direba na cin rake, ko a jikinsa. Ban iya jira ba, na tare ɗan acaɓa. Ban cika son gudu a babur ba, amma ranar ni ne nake ce masa ya ƙara wuta. Iskar da ke bugun fuskata kamar daga bakin murhu take fitowa, kuma duk hayaƙin da na hango daga nesa, ko na masu ƙona sharar gona ne, sai in ɗauka daga gidan Garba yake tashi. Daga Gwaram muka saki kwalta muka kama burji. Ba mu sha wahalar neman gidan ba, kowa ya san gidan Garba mai hoto. Mun isa ana shirin kiran La'asar.

Gida ne na ƙasa, rabinsa katanga rabinsa dangar kara, da rumbu biyu a tsakar gida ana hango kawunansu. Ga farantin sola a kan rufin kwano yana ƙyalli. A jikin zaure an rubuta "Ba a shiga" da gawayi. Na tsaya na yi sallama, na sake yi da ƙarfi. Can sai muryar mace ta amsa daga bayan katanga. Matarsa ce, Zulai.

"Maigidan ba ya nan. Ya tafi ɗaukar hoton suna a wani gari, sai Magariba."

"Malama, ni ne mai gyaran kwamfuta daga Birnin Kudu. Ya sa ta a ƙarƙashin katifar Inna?"

Ta ce, "Ya sa."

"Don Allah ki je yanzu ki zare wayar cajin daga jikin sola. Kada ki taɓa kwamfutar. Sannan a ɗauke Inna daga gadon."

"Wayar dai zan iya cirewa. Amma ya ce kada wanda ya taɓa masa kaya. Inna kuma ba ta son a tashe ta in ta samu barci."

Na ji tafiyarta, na ji dawowarta. Ta ce ta cire. Sai ta ƙara da cewa, "Malam, ɗakin kuwa yana wani irin wari."

Ban san sanda na sa ƙafa a cikin zauren ba. Sai na tsaya. Baƙo ne ni, ba wanda ya san ni a garin, maigida ba ya nan. In na kutsa gidan matan aure, kafin in kai ɗakin tsohuwar an tara min jama'a, kuma lokacin da za a ɓata ana riƙe da wuyan rigata ya fi wanda zan ɓata wajen neman izini. Na tambaye ta wa ke da iko da gidan in ba ya nan. Ta ce Baba Idi, ƙanin Inna, yana gindin dalbejiya a ƙofar masallaci.

Na same shi yana alwala, dattijo mai farin gemu, ba ya gaggawar komai. Na gaishe shi a tsaitsaye, abin da ban saba ba, na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Yanzu kai tun daga Birnin Kudu ka taso don wannan? Abin da ba fetur a cikinsa, ba ashana, ta ina zai kama wuta?"

Na naɗe hannun rigata na miƙa masa. "Baba, wannan batirin waya ne ya yi min, ƙarami. Wanda ke ƙarƙashin yayarka ya ninka shi. In ƙarya nake, a yi min duk abin da aka ga dama, amma a fara fito da ita."

Ya kalli tabon, ya kalli fuskata. Ina jin abin da ya gani a fuskar ne ya tashe shi. Ya ajiye buta bai gama wanke ƙafa ba, ya shige gaba yana cewa a gyara, zai shigo da baƙo.

Ɗakin Inna ƙarami ne, taga ɗaya, rufin kwano ya ɗau zafi. Jeren kwalla da kwanuka a gefe, buhunan tufafi a ƙarƙashin gado, labule a ƙofa. Duk abin da idona ya sauka a kai mai cin wuta ne. Warin nan mai zaƙi ya cika ɗakin har yana kama maƙogwaro. Tana kwance a gefe ɗaya, 'yar tsohuwa ƙarama, da carbi a hannu. Ta farka tana kallonmu. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe ta.

"Lafiya, Idi? Wane ne wannan?"

"Mai gyara ne, Yaya. Ya ce a ɗauke ki daga gadon, abin nan na Garba zai iya kama wuta."

"Wa ya cire min wayar? Ni na ce a cire?" Ta juyo gare ni. "Ɗan nan, ka bar min abina. Tun da yaron nan ya fara sa min shi na samu sauƙin ƙuguna." Ba ta kama sunan Garba, ɗan fari ne. "Ɗuminsa har cikin ƙashi nake ji. Yau ma ya fi kullum daɗi, kamar an sa min garwashi."

Na sha jin maganganu masu tada hankali a sana'ar nan, amma ban taɓa jin wadda ta kashe min jiki kamar wannan ba. Katifa ce tsakaninta da abin, kuma wayar a cire take. In har tana jin sa kamar garwashi, to batirin ya fara dafa kansa da kansa, kuma in ya fara ba ya tsayawa. Tsoro ya kama ni sosai.

Na ce, "Inna, ki yi min rai. Ki fito ki sha iska kaɗan, in duba. In ban ga komai ba, ni da kaina zan mayar miki."

"Ji shi da daɗin baki. Haka likitoci suke cewa."

Baba Idi ya yi wa Zulai alama, ya kama kafaɗu, ta kama ƙafafu. Na juya baya na fita na ba su hanya. Tana ta faɗa, tana cewa an raina ta a ɗakinta, har suka kwantar da ita a tabarma a inuwar katanga, can nesa da ƙofa. Na ce a ba ni shebur da kwanon sarki, na cika kwanon da yashi rabi. Na ce a kwashe yara a fitar da su waje.

Na shiga ni kaɗai. Na kama gefen katifar na ɗaga a hankali, sai na ji ta riƙe. Soson ya narke ya manne da kwamfutar. Da na ja ya saki, na ga rami a cikin katifar, baƙi, gefensa ja-ja, yana fitar da siririn hayaƙi. Robar kwamfutar ta yi laushi ta lotsa. Kuma tana wani ɗan sauti, siii, ƙasa-ƙasa. Na san sautin nan. Na jingine katifar da bango, na zura shebur ƙarƙashin kwamfutar ina bismillah, ina roƙon Allah kada bakin shebur ya taɓa batirin. Na ɗora ta a kan yashin, na ɗauki kwanon na miƙe hannuwa iya tsawonsu, na kau da fuska. Daga ɗakin zuwa ƙofar gida ba nisa, amma sai na bi ta tsakanin rumbunan nan biyu da dangar kara. Ban yi gudu ba don kada in yi tuntuɓe. Ina jin zafin yana tasowa yana dukan haɓata.

Na kai ta wani fili a gefen gidan inda ba ciyawa, na ajiye na ja da baya. Ban kai ga juyowa sosai ba ta yi tsaki mai ƙarfi, farin hayaƙi ya turnuƙe, sai wuta ta yi tsiri ta gefe kamar ta mai walda. Mutanen da suka fito daga masallaci suka taru, wani ya kawo bokiti ya watsa. Ta lafa, ta sake tashi. Na ce kowa ya matsa, kada a shaƙi hayaƙin. Muka tsaya muna kallo har ta cinye kanta. Na koma gefe na zauna a ƙasa.

Baba Idi ne ya zo ya taɓa kafaɗata ya ce Inna na kira. Na tarar ta sa an fito da katifar an jingine a gabanta. Mu huɗu ne kawai a wurin, ita da ƙaninta da Zulai da ni. Ta daɗe tana kallon ramin. Ta miƙa hannu ta sa yatsa a ciki, ta taɓa ta ɗaya gefen, daidai inda ƙugunta yake kwanciya. Faɗan nan duk ya tafi.

Ta ce, "Zulai, samo tsumma ki cusa a nan. Ku mayar da ita yadda take, ramin yana ƙasa, ki shimfiɗa zani. Ki sa turare a ɗakin." Sai ta dube ni. "Ɗan nan, zan roƙe ka abu ɗaya. In ya dawo, ka ce lafiya lau ka ɗauko ta, a waje ta kama. Kada ka ce masa ta fara ci a ƙarƙashina."

Na ce, "Inna, gara ya sani, don kada ya sake."

"Ya ga gawayinta ai, ba zai sake ba. Amma in ya ga wannan ramin, ba zai ƙara iya kallon idona ba har in mutu. Shi ke ɗaga ni, shi ke kwantar da ni. Ka bar min ɗana yadda yake."

Na ce mata ƙarya kam ba zan yi ba, amma zan yi shiru. Ta ce shirun ya ishe ta.

Garba ya iso kafin Magariba, labari ya riga ya tare shi a hanya. Ya tsaya a kan kwanon sarkin yana kallon abin da ya rage na sana'arsa. Sannan ya juyo kaina a gaban jama'a. Ya ce wata da watanni tana aiki lafiya, sai yau da na buɗe ta na tsokane ta da ƙarfe. Ya ce na san abin da na lalata, shi ya sa na biyo shi har gida don in rufe laifina. Ya ce na shiga gidansa ba ya nan. Wasu suka fara gyaɗa kai, don maganar ta yi kama da gaskiya. Na dubi Baba Idi, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na ce masa Allah ya mayar da alheri, na hau babur muka juyo.

Maganar ta bi ni har Birnin Kudu. An daɗe ana cewa Malam Sani ya ƙona wa wani mai hoto kwamfuta, kuma mutanen wajen Gwaram suka ɗauke ƙafa daga shagona. Garba ya sayi wata daga baya, yana kai wa wani gyara. In muka haɗu a tasha sai ya kau da kai.

Inna ta yi shekaru bayan haka. Bara Allah ya yi mata rasuwa, ciwon tsufa, a ɗakinta, ɗanta na riƙe da ita. Shi ya sa yau bakina ya buɗe. Bayan an share makoki da 'yan kwanaki, ina zaune ina liƙa wata waya, sai na ga mutum ya tsaya a ƙofa ya tare min haske. Garba ne. Ya yi sallama, na amsa, na yi masa gaisuwa. Ya zauna a bencin nan da kuke kai.

Can ya ce, "Jiya muka kwashe kayan ɗakinta. Ni na ɗaga katifar."

Na ajiye ƙarfen liƙi.

"Na ciro tsumman. Zulai ta faɗa min sauran." Ya ɗaga hannu ya kusanto da babban yatsa da manuni, ya bar 'yar tazarar da ko fensir ba zai shiga ba. "Malam Sani, iya soson da ya rage tsakaninta da wutar ke nan."

Ya kasa sauke hannun.